Ƙariya: Furen Ƙasarmu da Yadda Ake Rainonta

 

An nemi in yi magana a kan ƙananan itatuwan ado masu fure waɗanda ke jure zafin ƙasarmu. Suna da yawa, lokaci kuwa ba zai ishe mu mu bi su ɗaya bayan ɗaya ba, don haka na zaɓi guda ɗaya, wato ƙariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, Turawa kuma suke ce mata wardin hamada. Dalilina biyu ne. Na farko, tamu ce, a ƙasarmu Allah Ya halicce ta. Na biyu, cikin duk furannin da ake sayarwa a bakin titunan Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, da wuya a sami wadda ke yawan mutuwa a hannun masu ƙaunarta kamar ita. Abin da nake so kowa ya tafi da shi gida shi ne: wanda ya san yadda ƙariya ke rayuwa a daji, ya riga ya san yadda zai raine ta a tsakar gidansa.

Asalinta da kamanninta

Ƙariya na fitowa da kanta tun daga Muritaniya da Senegal, ta ratso ƙasashen Sahel har Sudan da gabashin Afirka, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman da Oman da kudancin Saudiyya. Galibin inda ake samunta, wurin iri ɗaya ne: tsakanin duwatsu, ko kan tudu mai tsakuwa, inda rana ke duka ba tare da inuwa ba, ruwan sama kuma ba ya kwana. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru zai tuna yadda take fitowa daga tsagin dutse. A cikin irin wannan ƙasa ce, a Yaman, wani masanin tsirrai mai suna Peter Forsskal ya rubuta bayaninta, a tafiyar binciken da Sarkin Denmak ya tura a 1761. Bai dawo gida ba, ya rasu a garin Yarim a 1763, sai abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ne ya buga rubuce-rubucensa a 1775. A 1819 masana biyu, Roemer da Schultes, suka ware mata jinsi nata na kanta da sunan da take amsawa har yau. Kafin duk wannan, kakanninmu sun san ta, suna dasa ta kusa da gidaje, sun kuma san dafinta.

Danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Gida ɗaya suka fito da tumfafiya da kwankwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi. Tsawonta a daji kan kai mita ɗaya zuwa uku. Ganyenta mai sheƙi ne, yana taruwa a ƙarshen reshe, kuma a wannan ƙarshen ne fure ke fitowa: doguwar kafa mai buɗewa zuwa kunnuwa biyar, bakinsu ja ko ruwan hoda, cikin fari-fari. Abin da ke jan ido shi ne takan yi furen a tsakiyar rani, lokacin da ta kakkaɓe ganyenta kaf, daji ya bushe ƙurmus.

Sirrin hakan yana gindinta. Ku dubi wannan da na ajiye a kan tebur, ku ga yadda gindin ya kumbura. Wannan randarta ce. Abin da ta sha da damina a nan take adana shi, da shi take cin rani, da shi take fure. A tsibirin Sokotra na ƙasar Yaman akwai 'yar'uwarta wadda gindinta ke girma har mutum biyu ba sa iya rungume shi. To itaciyar da ke tafe da guzurin ruwanta a jiki, in aka zaunar da ita cikin laima dare da rana, saiwarta ba ta samun iska, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, gindin ya ruɓe. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan yake tsaye.

Ƙasa da tukunya

Yawancin ƙariyar da ake saya a bakin titi tana zuwa ne a cikin leda, da baƙar ƙasa mai danƙo irin ta fadama. Wannan ƙasa ta dace da alayyafo da latas, amma ga ƙariya ajali ce. Da kun kai ta gida ku sauya mata. Haɗin da nake ba da shawara mai sauƙi ne, kuma duk kayansa suna kusa da mu: kashi biyu na yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa ko gawayin da aka farfasa, kashi ɗaya na tsohon takin shanu wanda ya riga ya ruɓe ya koma gari. Wanda ke kusa da injin casar shinkafa zai iya ƙara buntun da aka babbake, yana sa ƙasa ta yi sako-sako. Ga yadda za ku gane haɗin ya yi: ku cika tukunya, ku zuba ruwa. In ya zurare ta ƙasa nan take, madalla. In ya tsaya a sama yana jira, a ƙara yashi da tsakuwa.

Tukunyar ƙasa ta maginanmu ta fi ta roba, domin jikinta na shan iska, laima na fita ta gefe, kuma ba ta ɗaukar zafin da baƙar roba ke ɗauka a ranar bazara. A zaɓi mai faɗi marar zurfi sosai, a huda mata ƙofofi uku ko huɗu a ƙasa, a rufe su da tsingaro don kada ƙasa ta zube, sannan a ɗora ta kan bulo ko duwatsu yadda ruwa zai samu hanyar fita. Kada a ɗauko ƙatuwar tukunya a saka 'yar ƙaramar itaciya da nufin a ba ta wuri, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba riƙe ruwa take yi. Wanda zai dasa a ƙasa kai tsaye kuwa, ya tara tudu ya dasa a kansa, nesa da makwararar ruwa da bakin rariya.

Bayan kowace shekara biyu ana sauya tukunya, kuma farkon bazara ne lokacin da ya fi dacewa. A zare itaciyar, a karkaɗe tsohuwar ƙasa, a yanke saiwoyin da suka mutu, a ajiye ta a inuwa kwana biyu ko uku miki ya bushe. Wajen mayarwa, a ɗaga gindin sama da inda yake a da kamar yatsa biyu. Haka ake yi a hankali har manyan saiwoyin nan masu murɗewa su bayyana a fili, waɗanda su ne rabin kyawunta. Bayan dashe a yi haƙuri mako guda kafin a ba ta ruwa.

Rana da ruwa

Ƙariya 'yar rana ce. Tana bukatar aƙalla awa shida na rana kai tsaye a kullum. Wadda aka ajiye a falo ko ƙarƙashin inuwar mangwaro za ta miƙa rassa sirara dogaye tana neman haske, ganye ya yi yawa, fure ya ƙi zuwa. Sai dai in ta daɗe a inuwa, kada a fitar da ita tsakar rana lokaci guda, ganyen da fatar gindin za su ƙone. A fara da ranar hantsi, a riƙa ƙarawa har mako biyu.

Batun ruwa shi ne inda aka fi tambayata, kuma kowa so yake a ce masa bayan kwana kaza. Amsar tana bin yanayin shekara.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram ke haura digiri 40, itaciyar na kan ganiyar aikinta, tana toho tana huda. A nan ba a yi mata rowa. Tukunyar da ke tsakar rana za ta iya bukatar ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. A zuba da safe, a zuba sosai har ya fito ta ƙasa, sannan a ƙyale ta sai ƙasar ta bushe.

Da damina, sama ta ɗauke muku aikin. Haɗarin yana cikin marka ta watan Agusta, sa'ad da ake kwana ana wuni ana yayyafi, rana ba ta fitowa. A ja tukwane zuwa ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga, a kula kada su zauna daidai bakin indararo.

Da hunturu kuwa, barci take yi. Ganye zai yi rawaya ya zube, mai ita ya tsorata ya ɗauka ƙishi ne, ya dage da ban-ruwa safe da yamma. Nan ne ake asarar mafi yawansu, domin sanyi da laima in suka haɗu, ruɓa ba ta da wuya. Zubar ganye a wannan lokaci ɗabi'arta ce. A rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako biyu, ko ma ƙasa da haka. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, saboda haka mutanen Jos da Mambila su riƙa matsar da ita jikin bango ko su shigar da ita da dare.

A kowane yanayi akwai gwaji biyu da ba sa kuskure. A soka busasshen tsinke cikin ƙasar har ƙasan tukunya, in ya fito da danshi a dakata. A kuma matsa gindin da yatsa. Mai lafiya tauri gare shi. In ya ɗan yamushe alhali ƙasa a bushe take, ƙishi ne, ruwa ɗaya zai mayar da shi cikin 'yan kwanaki. In ya yi laushi alhali ƙasa a jiƙe take, to ruɓa ta shiga.

Taki da aski

Itaciyar da ta saba da tsagin dutse ba ta da haɗama. Rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15, a barbaɗa a gefen tukunya nesa da gindi sau ɗaya a wata, daga farkon bazara zuwa ƙarshen damina, ya wadatar da matsakaiciyar tukunya. A guji yuriya, ganye da dogayen rassa marasa ƙarfi kawai take jawowa. Da hunturu ba a sa taki ko kaɗan.

Tunda fure a ƙarshen reshe yake fitowa, yawan rassa shi ne yawan fure. Shi ya sa ake yi mata aski. In sanyi ya wuce, a sami wuƙa mai kaifi a goge ta da sifirit, a datse dogayen rassa a bar kamar tsawon tafin hannu. A yanka a karkace don kada ruwa ya zauna a kan mikin, a shafa masa garin gawayi. Daga kowane reshe da aka yanke biyu ko uku za su tsiro. Ba a aski a cikin marka.

Ruɓa da ƙwari

In aka ga alamar ruɓa, jinkirin kwana biyu na iya cinye itaciyar. A tumɓuke ta, a wanke saiwar, a duba. Naman mai lafiya fari ne mai tauri. Wanda ya kamu yakan koma ruwan ƙasa ko baƙi, ya yi taɓo-taɓo, yana wari. A sa wuƙa a yanke, a goge wuƙar, a sake yankewa, har sai an kai ga fari tas wanda babu ko ɗigon baƙi a cikinsa. Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne tausayi: sai a bar ɗan tabo don kada ramin ya yi girma, daga wannan tabon kuma cutar ke sake tashi. A barbaɗa garin farar wuta ko na gawayi, a rataye itaciyar a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu har mikin ya yi ɓawo, sannan a dasa cikin sabuwar busasshiyar ƙasa. In gindin ya tafi gaba ɗaya, a ceci rassan da ke da lafiya a dasa su.

Manyan ƙwarin da ke damunta uku ne. Akwai darɓa mai launin rawaya da ke taruwa a kan sabon toho, irin wadda kuke gani a jikin tumfafiya. Akwai wani farin ƙwaro mai gari-gari da ke ɓuya a hammatar ganye da cikin saiwa. Akwai kuma jajayen gizo-gizo ƙanana ƙwarai da ke yawaita lokacin ƙura, su sa ganye ya yi fari-fari. Duka ukun ana maganinsu da ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Tsutsa kuwa a tsince ta da hannu. In kun ga tururuwa na hawa da sauka, ku duba da kyau, zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi.

Iri, reshe da aure

Mutane da yawa sun ɗauka ƙariya ba ta 'ya'ya sam. Tana yi, sai dai ba kasafai ba, kuma akwai dalili. In kuka tsaga furen a tsaye da reza, za ku ga wasu zaruruwa biyar masu gashi, a ƙasansu kuma wani ɗan kumburi mai tsini wanda ya rufe garin furen da wurin da ke karɓarsa. Sai ƙwaro mai dogon baki ne ke iya kaiwa can. Ban da haka, yawancinsu ba sa karɓar garin furen kansu, sai na wata itaciyar. To a unguwar da kowa ya karyo reshe daga gidan maƙwabci, duk itatuwan a haƙiƙa guda ɗaya ce aka rarraba, ina iri zai fito?

Maganin shi ne a sami itatuwa biyu da ba uwa ɗaya ba. Da safe a tsaga gefen furen ta farko, a buɗe kumburin, a lakato garin da tsinken sakace. A tsaga na ta biyu, a shafa garin a ƙarƙashin kan sandar da ke tsakiya, a mayar da furen a rufe. In ya kama, kwanso biyu dogaye za su fito a haɗe, kowane ya kalli gefensa. Sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin su nuna. A naɗe su da zare tun kafin su fashe, domin kowace ƙwaya tana da gashi a kai da gindi, iska kaɗan za ta kwashe su kamar yadda take yi wa na tumfafiya.

Irin ba ya son ajiya, a shuka shi da wuri. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar a kan yashi mai danshi, a rufe da ƙasa kaɗan, a ajiye a inuwa mai haske. A lokacin zafi yakan tsiro cikin mako guda. Jarirai sun fi manya bukatar danshi, kada a bar su su bushe ƙaƙas. Da kyakkyawar kulawa, wasu kan yi furen fari cikin shekara guda. Ta iri ce ke ba da gindin nan mai kumburi tun tana ƙarama, amma launin furenta ba lallai ya bi na uwa ba.

Dashen reshe ya fi sauƙi: a yanko mai tsawon taƙi guda, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe, a kafa cikin yashi, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Furensa zai zo daidai da na uwa, sai dai gindin kan daɗe bai yi kauri ba.

Wanda ke son ya haɗa amfanin biyun sai ya yi mata aure, kamar yadda muka saba yi wa mangwaro da lemo. A ɗauki 'yar shekara ɗaya ko biyu da aka raina daga iri, a daina ba ta ruwa na 'yan kwanaki, a yanke kanta a kwance. A yanko ɗan guntun reshe mai ido biyu daga wadda ake son furenta, a goge ruwan da ke tsattsafowa, a ɗora shi daidai a kan yankan, a rufa farar leda a ɗaure tam, a ajiye a inuwa. Bayan kamar mako biyu, in idon ya fara motsi, a kwance.

Dafinta

Iyayena mata, wannan sashen naku ne musamman. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Ruwan jikin ƙariya, daga saiwa har fure, yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, dangin waɗanda ke cikin maganin zuciya da likitoci ke kira digoxin, wanda su kansu sai da awo na ƙwarai suke ba da shi. Al'ummomi da dama a Afirka sun yi dafin kibiya da ita, sun kuma kashe kifi da ita. Wanda ya ci zai iya yin amai da jiri, bugun zuciyarsa ya rikice, abin ya kai ga rasa rai. Saboda haka a sa safar hannu ko leda wajen aski da aure, a kiyaye ido, a wanke hannu da wuƙa da sabulu. A ɗora tukunya inda mai rarrafe ba zai kai ba. Rassan da aka yanke a binne su, kada a watsar inda awaki ke kiwo ko a jefa cikin tafki. Kada kowa ya jiƙa ta ya sha da sunan magani, ko wa ya ba shi. In yaro ya tauna, a garzaya asibiti da guntun itaciyar a hannu, kada a tsaya jiran alama.

Kammalawa

A yau manyan masu rainon ƙariya a duniya suna Tailan da Taiwan da Indiya. Mutanen Tailan, da ke kiranta chuan chom, sun yi ta haɗa iri har suka fitar da fara sol, da ja mai duhu, da mai zane-zane, da mai kunnuwa ninki-ninki, suna sayar wa duniya har da mu. Ba su fi mu rana ba, ba su fi mu yashi ba, haƙurin zaɓen iri da iya aure ne suka riƙe. A nan zan ja kunnen matasanmu masu saye ta intanet: babu ƙariya mai shuɗin fure, hotunan da kuke gani gyara su aka yi da kwamfuta, kuma wanda ya ce irinsa zai ba ku launi kaza tabbas, bai faɗa muku gaskiya ba.

Roƙona uku ne. Masu sana'ar fulawa, ku daina sayen manyan itatuwan da ake haƙowa daga daji. Wadda ta yi shekaru masu yawa tana girma a kan dutse, in aka sare mata saiwa aka cusa ta a leda, sau da yawa ba ta rayuwa, dajin kuma ya yi asara. Ku raina naku daga iri, ku sauya wa abin da kuke sayarwa ƙasa, ku kuma gaya wa mai saye gaskiyar yadda ake ba ta ruwa, domin wanda furensa ya rayu shi ne zai dawo ya sayi na biyu. Malaman aikin gona, ku koya wa ɗalibai haɗa fure da aure a kan wannan itaciya, kayan aikin reza ce da tsinke da leda. Masu gida kuma, ku yi musayar iri da rassa tsakanin gari da gari, don itatuwanmu su samu waɗanda za su haɗu da su su yi 'ya'ya.

Na zo da tsirrai da kayan aure, za mu gwada tare a waje bayan tambayoyi, tunda gani ya kori ji.  Allah Ya sa albarka a abin da muke shukawa.